GINDIN KWANO

SHAFI NA 19

In mace ta biya kuɗin kwano guda na shinkafa cif, ta je gida ta tarar babu tafin hannu ɗaya a ciki, wane ne ɓarawon? Mai awon da ya auna mata? Wanda ya ɗaga gindin kwanon da guduma? Ko wanda ya zauna a ofis ya yanke farashin da shi kansa bai taɓa sayen komai da shi ba? Na juya tambayar nan har na gaji, ban samu inda zan ajiye ta ba.

Maƙeri dai, har zuwa azahar ɗin ranar nan, gani yake ya san amsa.

Tun da gwamnati ta kafa allon farashi a ƙofar kasuwa, ta ce duk wanda ya sayar sama da abin da ke jiki za a garƙame masa rumfa, masu awo suka daina ƙara kuɗi. Kwanon suka koma ragewa. A kife shi, a bubbuga gindinsa ya shige ciki. Daga waje kwano ne cikakke, daga ciki ya cinye rabon yaro guda. Duk wanda ya kawo wa Maƙeri wannan aikin, da kwanonsa yake komawa, har da wa'azi kyauta. Ko ƙaninsa Auta, mai rumfar hatsi, bai tsira ba.

Shi ya sa da Auta ya faɗo shagon da ke ƙofar gida riƙe da buhu, Maƙeri bai ɗago daga murhun gawayin da yake haɗa wa ƙafa ba.

"In kwano ne, ƙofar da ka shigo ba a rufe ta ba."

"Yaya, ko gaisuwa babu?"

"Sannu da zuwa. In kwano ne, koma da shi."

"Kwano ne. Amma an riga an yi aikin. Dubawa kawai za ka yi."

Auta ya zaro shi ya kife a kan kututturen aiki. Mutumin da ko gidan makoki ya shiga sai ya sa wani ya murmusa, yau leɓensa a bushe yake.

Maƙeri ya ja kwanon gabansa, ya shafa gindin da babban yatsa, ya yi tsaki.

"Wane mara tsoron Allah ne ya yi wannan? Zunubin ma bai iya ba. Ko tsumma bai ɗora ba, balle katako. Ƙarfe a kan ƙarfe, kamar mai kashe kunama. Makaho ma ya shafa ya san an taɓa."

"Duba da kyau, Yaya."

"Me zan duba a aikin banza?"

"Tabon."

Ya ɗaga kwanon zuwa hasken ƙofa. Kowane bugu ya bar tabo, a tsakiyar kowane tabo kuma akwai wani ɗan layi siriri, karkatacce, kamar an ja da farce.

Ya san layin nan. Tsagi ne a bakin gudumar da ya gada wurin mahaifinsu. Yana jikin kowane bokiti da kowane murhu da ya taɓa fita daga shagon nan. Matan unguwa ma da shi suke gane kayansu in an ara an ƙi mayarwa.

Ya waiwaya. Gudumar tana nan rataye a ƙusarta.

"Yaushe ka ɗauka?"

"Ni? Ni da ko ƙusa na buga sai an nemo mai ɗauri?"

"To wa?"

Auta ya kau da kai.

"Bari in gaya maka abin da ya kawo ni, in ya so ka yanka ni daga baya. Da safen nan 'yan kwamitin farashi suka shigo layinmu. Ka san ba sa aunawa. In suka auna, kasuwar gaba ɗaya za su rufe, rediyo ya rasa abin faɗa. Kifewa kawai suke, su duba gindi. Wanda aka yi masa aiki mai tsafta, su wuce. Suka zo kan Mai Wake, maƙwabcina. Nasa irin wannan ne sak."

"Sai me?"

"Mari biyu ya sha. Kafin na uku ya ce a gidan Maƙeri aka yi."

Maƙeri ya ajiye kwanon a hankali.

"Suna ina yanzu?"

"Sun tsaya ɗaukar hoto da buhunan da suka kama. Da sun gama, nan za su yo. Ni ta bayan rumfa na sulale da nawa."

"Su zo. Ban taɓa ba. Ko rantsar da ni za su yi, zan rantse."

"Za su rantsar da kai kuwa. Sannan su ce, to wa ke taɓa gudumarka?"

Labulen da ya raba shago da cikin gida ya motsa. Maman yara, matar Maƙeri, ta shigo ɗauke da faranti, tana ture labulen da kafaɗa.

"Auta, kai ne kake ta zuba kamar rediyo mai sabon batir? Da ka aiko da na ƙara wa miya ruwa."

Da a wata rana ce, da Auta ya rama kafin ta rufe baki. Yau bai ko dube ta ba. Ta bi idonsa, ta ga kwanon kife a kan kututture. Ta tsaya inda take.

Maƙeri ba fuskarta yake kallo ba. Babban yatsanta na hagu yake kallo, wanda ta naɗe da tsumma tun kwanakin baya.

"Wuƙa, kika ce min."

Ta ajiye farantin a ƙasa.

"Kwance."

"Malam..."

"Kwance tsumman."

Ta kwance. Farcen ya yi baƙi ƙirin, ya tsage daga tsakiya. Babu maƙerin da bai san ciwon nan ba. Shi ma yana da irinsa, tun yana ƙarami a gaban mahaifinsa.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da ka kori na farko. Ya zaga bayan gida yana zaginka. Na leƙa ta katanga na ce ya miƙo."

"Ina ina?"

"Kana masallaci. Ai in ka je kana daɗewa."

Ya yi wata dariya maras daɗi.

"Ina can ina roƙon Allah ya tsare hannuna daga haram, ke kina nan."

"Ya amsa maka ai. Hannunka bai taɓa ba."

"Ke..."

"Bakinka ne kawai ya ci."

Auta ya matsa kusa da ƙofa.

"Matar Yaya, a yi a hankali."

"A hankalin nake. Da ba a hankali nake ba, da tuni unguwa ta ji." Ta juyo ga mijinta. "Malam, yaushe rabon da wani ya sayi murhu a wurinka? Ga su nan jere, har gizo-gizo ya yi aure a ciki ya haihu. Fallen kwano ya yi tsadar da in ka ƙera bokiti sai mai mota ne zai iya saye, mai mota kuma ba ya ɗiban ruwa. Amma kullum kana dawowa ka tarar da faranti a rufe. Ka taɓa tambaya daga ina?"

"Ɗinki kika ce."

"Wa ke ɗinki yanzu? Faci ma kowa da kansa yake yi."

"Da kin gaya min."

"Da ka ce me?"

Su duka ukun sun san abin da zai ce.

"Da ka ce mu yi haƙuri," ta amsa masa. "Na yi haƙurin. Na dafa shi da safe, na ɗumama shi da rana. Ƙaramar 'yarmu ce ta ƙi ci. Ranar da na ga tana lasar murfin tukunya, ranar na ɗauki gudumarka. Kai kuma kullum sai ka zauna a majalisa kana gaya wa mutane, wai tun da ka ƙi aikin nan Allah bai taɓa barin ka da yunwa ba, wai kai shaida ne. Ina jin ka ta taga. Ina so in yi dariya, yatsana yana zogi."

Maganar nan ce ta shige shi fiye da sauran. Ya tuna yadda yake gyara zama in zai faɗe ta, yadda samari suke gyaɗa kai. Ya tuna har wani ya taɓa cewa a dinga koyi da Maƙeri. Ashe duk lomar da ya kai baki yana godiya, an ɗebo ta ne daga kwanon wata matar da ba ta san an ɗiba ba.

"Me suke ba ki?"

"Hatsi. Kwano guda a kowane aiki."

"Da wane kwanon suke auna miki?"

Auta ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na motsi. Dariya ce ta kama shi a inda bai kamata ba.

"Da wanda na buga," ta ce.

"Har kai, Auta?"

"Yaya, wallahi ni ina ƙara mata a kai."

"Allah ya saka maka."

"Kada ka yi min wannan kallon." Dariyar ta ɗauke daga fuskar Auta. "Kana ganin daɗi nake ji? Buhun da nake sarowa, kafin ya sauka daga mota ya riga ya wuce farashin allo. Mai ya tashi, direba ya ƙara. Kowane shinge a hanya sai an miƙa. A ƙofar kasuwa mai rasit na jira, a ciki ma wani mai rasit ɗin na jira. Allon nan ba ya hawa mota, Yaya. Bai san komai ba. Waɗanda suka rubuta shi, a manyan kantuna matansu suke sayayya, inda ba a san kwano ba."

"Sai ka rufe rumfar."

"Na rufe ai. Ka manta? Na zauna a gida har yarana suka fara leƙa tukunyar maƙwabta. Dattijon da ke bakin layinmu shi ya yi irin taka. Ya ce ba zai taɓa kwano ba, ya ƙara kuɗi a fili, ya gaya wa kowa dalili. Ina rumfarsa yau? Kwaɗo biyu suka sa mata. Mu da muka yi ƙarya da gindin kwano, mu aka yaba a rediyo, aka ce farashi ya sauka."

"Duk wannan bai halatta ba."

"Ban ce ya halatta ba. Cewa na yi suna hanya."

Can cikin gida ƙaramar yarinyar tana rera wani abu ita kaɗai, tana buga murfin tukunya.

Duk wanda ke garin ya san abin da kwamiti ke yi wa wanda aka kama da aikin kwano. A ɗora shi a bayan buɗaɗɗiyar mota, a kifa masa kwanon a ka, a zaga da shi kasuwa da lasifika, yara na bi, manya na ɗauka a waya. Ɗaurin da ke biyo baya ma mutane ba su cika tuna shi ba. Hoton ne ba ya gogewa.

Maƙeri ya dubi matarsa. Ya yi ƙoƙarin kada ya hango ta a bayan motar nan, mayafi na zamewa, kwano a ka. Ya hango.

"Abu mai sauƙi ne," Auta ya ce da sauri. "Ba ni gudumar in jefa a rijiya. Ka ce an sace tun bara."

"Ƙarya ce."

"To ka ce kai ne. Kai namiji ne, ka jure."

"Ita ma ƙarya ce. Kuma rantsuwa za su ba ni."

"Yaya, wace irin zuciya ce da kai? Matarka fa."

"Ban taɓa rantsuwa a kan ƙarya ba. Ba zan fara da furfura ba."

"To ni zan ce ni ne."

"Su miƙa maka guduma su ce gwada. Ka fasa ƙafarka a gabansu, su dawo kan tambayar farko."

Auta ya buga cinyarsa.

"Ka ga irinta ko? Shi ya sa tun muna yara ba a wasa da kai. Kowa ya saci mangwaro a ci tare, kai ka je ka faɗa, a dake mu har da kai."

Maman yara ta sunkuya ta ɗauki tsummanta, ta fara naɗe yatsan. Muryarta ba ta rawa.

"Ku bar wahalar da kanku. Malam, faɗi gaskiyarka. Ita ce kaɗai abin da ka tara a duniya, ba ni zan ƙwace maka ba. Bari in ɗauko mayafina mai kauri, an ce akwai rana a bayan motar."

"Zauna."

"Auta, in an tafi da ni ka kai ƙaramar gidanka. Kada ta ga hoton."

"Na ce ki zauna."

Ba ta zauna ba, amma ba ta tafi ba.

Maƙeri ya dafe kansa da hannu biyu. Shi mutum ne da bai yi zurfi a makaranta ba, abin da ya sani a bakin wuta ya tattaro shi, da tambayar malamai, da tsofaffin littattafan da ake sayarwa a ƙasa. Ya daɗe da yarda cewa kowace matsala tana da ƙofa guda mai tsabta, in mutum ya natsu zai gan ta. Yanzu ya duba ko'ina. In ya ce ba shi ba ne, ya yi gaskiya, ya miƙa uwar 'ya'yansa. In ya ce shi ne, ya cece ta, ya rantse a kan ƙarya. In ya yi shiru, yatsanta zai yi magana.

Daga bakin layi aka jiyo ƙarar lasifika tana tari, sannan muryar wani yana gwada ta. Kare ya fara haushi.

Auta ya leƙa ya dawo da kansa da sauri.

"Sun shawo kwana. Suna tambayar mai shayi."

Maƙeri ya ɗago. Fuskarsa ta canza, amma ba sauƙi ne ya zo mata ba.

"Akwai wanda ba ki kai ga bugawa ba?"

Ta dube shi.

"Tambayar ki nake."

"Akwai ɗaya. Jiya aka miƙo. Yatsan ne ya hana ni."

"Ɗauko."

"Malam, me za ka..."

"Ɗauko, lokaci na tafiya."

Ta shiga ta fito da shi a ƙarƙashin zaninta. Sabon kwano ne fil, gindinsa shafe kamar madubi. Ya karɓa, ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya ƙwanƙwasa gefensa da farce. Kwano mai gaskiya. Ya daɗe bai riƙe irinsa ba.

Auta ne ya fara ganewa.

"Yaya... in ka buga, ka zama ka yi."

"Shi nake so. In suka ce wa ke ɗaga gindin kwano a gidan nan, in ce ni ne, in rantse, ban yi ƙarya ba."

"Ka guje wa zunubi ɗaya ka faɗa wani?"

"Ka san wata hanyar?"

Auta ya juya ya dubi ƙofa.

"Wannan dai ba zai cuci kowa ba," Maƙeri ya ce, kamar da kansa yake. "Za su tafi da shi."

Da Auta ya yi shiru da ya kyauta. Amma shi ma ɗan gidan ne, gaskiya takan kuɓuce masa a mummunan lokaci.

"Waɗanda suke kamawa, a bayan kasuwa ake sayar da su. Sun fi sababbi tsada."

Maƙeri ya rufe ido ya buɗe.

Ya kife kwanon a kan kututture. Ya miƙe ya sauko da gudumar mahaifinsa daga ƙusa. Hannunsa na hagu, da kansa, ya kai kan tsumma da ɗan katakon da ake ɗorawa don kada ƙarfe ya bar tabo. Shekarun aiki ne suka kai shi, ba shi ba. Da zai yi yadda ya iya, bugu kaɗan ya isa, ko kwamitin duniya ne ya kife kwanon ba zai ga komai ba.

Sai ya tsaya. Ya dubi kwanon Auta, mai tabo barkatai. In nasa ya fito da tsafta, ko yaro ya san ba hannu ɗaya ya yi su ba.

Ya ture katakon gefe. Ya ture tsumman.

"Nuna min yadda kike riƙewa."

Sai a lokacin hawaye ya zubo mata.

"Malam, kada ka yi. Sunanka..."

"Nuna min."

Ta miƙo hannu ta gyara masa yatsunsa, can kusa da kan gudumar, riƙon wanda bai taɓa koyo ba.

"Yanzu shiga ciki. Ki sa hannunki a cikin ƙullu, kada ki fito da shi."

Mota ta tsaya a ƙofar shago. Inuwar mutane ta rufe hasken. Wani ya yi gyaran murya.

"Salamu alaikum. Nan ne gidan Maƙeri?"

"Wa alaikumus salam. Ku shigo, ina kan aiki."

Ya ɗaga gudumar, ya sauke ta a tsakiyar gindin kwanon, ƙarfe a kan ƙarfe.